Dala Goma a Kan Teburin Guga

Ku samarin unguwar Fallowfield ta Manchester da kuke zagayowa teburina ran Lahadi, na san abin da kuke faɗa in kun ba da baya. Wai Malam Inuwa ya dace da sana'ar hutu: ya sayi tsohuwar takardar kuɗi da araha, ya ɗauke ta hoto da waya, ya ɗora a intanet, ya koma ya kishingiɗa yana jiran Turawa su yi rububi. Ɗaya daga cikinku har ya gaya mini ido da ido cewa da zarar ya miƙa aikin digirinsa zai fara, tunda abin ba ya buƙatar komai sai waya mai kyau. Ban ji haushi ba. Ni ma da na fara haka na ɗauka, kuma a lokacin kaina ya fi naku rawa. Amma bari in ba ku labarin aiki guda ɗaya, na wata takardar dala goma wadda zaman wata baiwar Allah da 'yarta a ƙasar nan ya rataya a kanta.

Sunanta Saratu, amma Maman Rahila kowa ke ce mata. Mutuniyar Kaltungo ce, tana zaune a Balsall Heath ta Birmingham ita da 'yarta tun bayan rasuwar mijinta. Aikinta kula da tsofaffi a wata cibiya da ake kai su su wuni. Da shekarun tsuke bakin aljihun gwamnati suka zo aka rufe cibiyar, aka sallami ma'aikata, ga shi bizarsu ta kusa cika. Kun san kuɗin sabunta biza a ƙasar nan, ba sai na tayar muku da hankali ba, kuma na mutum biyu ne. Idan ranar ta wuce ba su shigar da takardu ba, sun zama marasa izinin zama, ba aiki ba haya, ga Rahila tana shirin jarrabawar gama sakandare, yarinyar da in ta buɗe baki sai ka rantse a Birmingham aka haifi kakanta. Maman Rahila ta sayar da keken ɗinkinta, ta sayar da 'yan kunnen aurenta, ba su kai ko'ina ba.

Cikin neman abin sayarwa ne ta buɗe wani gwangwanin shayi na mahaifinta, wanda ta taho da shi daga gida bayan ya rasu. Tsohon ya yi wa wata Baturiyar mishan, ma'aikaciyar asibiti, aikin kuku tun yana saurayi. Da za ta koma ƙasarsu ta ba shi takardar kuɗi ɗaya ta sallama. Bai sami inda zai canza ta ba, daga baya ma ya daina nema, ya naɗe ta a hankici tare da wasu guda biyu ya ajiye. Maman Rahila ta kai su wurin wani mai canji a Stratford Road, ya juya babbar cikinsu, wadda Baturiyar ta bayar, gaba da baya ya ce wannan ba dala ba ce, ta fi dala girma. Wani ɗan tasi abokina, mutumin Gombe, shi ya gaya mata akwai wani Bakano a Manchester da ke cin abinci da irin wannan tarkace. Rahila ta ɗauki hoto ta turo mini.

Ina cin abincin rana a ɗan gidana na Ardwick hoton ya shigo. Biyun farko na zamanin Turawan mulki ne, masu hoton bishiyar kwakwa, irin waɗanda kakanninmu suka kashe. Suna da 'yar daraja, amma ba wadda za ta fitar da mutum daga rami ba. Ta ukun ce ta sa na ajiye cokali. Dala goma ce babba, ta fi ta yanzu tsawo da faɗi, a tsakiyarta an buga sunan wani ƙaramin gari na jihar Nebraska ta Amurka da sunan bankinsa. A ƙasa ga sa hannun mutum biyu da alƙalami, kashiya da shugaban banki, tawadar ta koma ruwan ƙasa. Don ku gane abin da ya sa na bar abinci ya huce, sai na ɗan koma da ku baya.

Karatun saƙa da rini ya kawo ni Manchester, da tallafin gwamnati daga gida. Shekarar farko kuɗi suka zo, daga nan suka fara zuwa rabi-rabi, daga nan sai alkawari. Yunwa ce ta kai ni shagon Mista Norman, wani tsohon Bature mai sayar da tsoffin takardun kuɗi a wani lungu kusa da tsakiyar gari, ina neman aikin shara ran Asabar. Ranar farko na shiga fes, na shafe jikina da turare har tafin hannu, na miƙa masa hannu. Ya shaƙa, ya nuna mini famfo. Na wanke, ya sake shaƙa, ya sake nuna mini famfo. Ya ce a shagonsa ba turare, ba man shafawa, ba shayi a kan tebur, kuma ba a lasar yatsa don raba takarda da takarda, abin da duk ɗan kasuwar Kwari ya tashi da shi. Na daɗe ina shara da goge gilashi kafin ya bar ni in taɓa haja, kuma abin da ya fara ba ni kwali ne cike da takardun da ko kuɗin burodi ba za su yi ba. Ya ce in jera su daga wadda ta fi lafiya zuwa wadda ta fi jin jiki. Na jera, ya hargitsa, ya ce in sake. Haka muka yi ta yi har sanyin shekarar ya wuce.

Kayan aikin ba sa cika aljihu, shi ya sa kuke raina su. Akwai ɗan gilashin da ke ƙara girman abu, da ƙaramar tocila, da wata fitila mai shuɗin haske da ke tona asirin gam da sabulu. Akwai rigar leda ta musamman da ake zura takarda a ciki, don ledar banza tana tsattsafo da mai ta cinye takarda a hankali ba ka sani ba. Safar hannun da kuke gani a talabijin kuwa, Mista Norman cewa yake ta masu son a ɗauke su hoto ce, wankakken hannu ya fi ta jin abin da ke jikin takarda. Sauran kayan aikin yatsa ne da hanci, su kuma ba a sayar da su a shago, shekaru ke yin su.

Wata rana wani mutum mai kwat mai tsada ya kawo takardar wani tsohon bankin ƙauye na yankin Lancashire a nan Ingila, a miƙe sumul kamar yau ta fito. Ni da nake tsaye a baya har na fara yi wa shago murna. Mista Norman ya ce in kashe fitila. Ya kwantar da tocila a gefen tebur yadda hasken zai bi ta kan takardar a kwance, ya kira ni in duba. Ya ce injin bugawa na da da ƙarfi yake danna takarda, har lambobi da hatimi su bar tudu a bayanta, ka ji su da yatsa. Wannan kuwa ba tudu ba kwari, ta daskare tana ƙyalli, layukan tsohon ninki sun yi fari-fari. An jiƙa ta, an danne ta da dutsen guga. Ya kai ta hanci, ya mayar wa mai ita cikin ladabi, ya ce ba ma saye. Bayan mutumin ya fita ya gaya mini cewa ninki da datti shekaru ne, masu tarawa sun yarda da su. Guga kuwa yaudara ce, kuma ba ta komawa baya: takardar da aka goge ta zubar da daraja har abada, manyan masu saye ko kallo ba ta ishe su ba. A sana'armu in ka ji an ce wane yana guga, to zagi ne.

A wurinsa kuma na koyi sha'anin na Amurka. Kafin yaƙin duniya na biyu gwamnatin can ta bar bankunan garuruwa suna fitar da takardun kuɗi da sunansu. Gwamnati ke bugawa, amma sunan gari da na banki da lambarsa suna jiki. Bankin babban birni ya fitar da su buhu-buhu, har yau ana samunsu da sauƙi. Bankin ƙauyen manoma kuwa, mai titi ɗaya da coci ɗaya, kaɗan ya fitar, aka kashe su, suka yage, aka mayar wa gwamnati ta lalata. Abin da ya tsira a wani garin bai wuce ka ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Masu tarawa a can ba dala suke saye ba, gari suke saye. Mutum zai ƙudura sai ya mallaki takarda ɗaya daga kowane gari na yankin da aka haife shi, ya shekara da shekaru yana jiran ƙauye guda da ya rage masa. In mutum biyu irin wannan suka haɗu a gwanjo a kan takarda ɗaya, kai dai ka koma gefe ka yi kallo.

Masu sayenmu na nan Ingila ba attajirai ba ne. Malaman makaranta ne, da ma'aikatan ɗakin karatu, da wani direban bas da ba ya sayen komai sai na garin da kakarsa ta fito. Su ne suka riƙe shagon, kuma su ne tsuke bakin aljihun ya fara taɓawa. Shekarar da ta fi muni, ƙofa ba ta daina buɗuwa ba, amma duk mai shigowa sayarwa ya zo yi. Mutumin da na sayar wa takarda yana fara'a, shi zai dawo da ita a jakar leda yana kallon ƙasa, ni kuma in gaya masa farashin da ni kaina nake jin kunyar faɗa. Haja ta yi kwantai. Mai ginin ya sayar da lungun gaba ɗaya, Mista Norman ya ce shi kam ya gaji, ya bar mini abin da ya rage ya koma gidan 'yarsa a Stockport. Na koma shimfiɗa tebur a zaurukan otal ran Lahadi, sauran kwanaki ina ɗaukar kwalaye a wani sito da furfurata. Abu ɗaya na lura da shi a shekarar: kayan da kowa ke da su sun faɗi warwas, amma abin da babu irinsa bai motsa ba. A cikin wannan shekarar hoton Rahila ya same ni.

Na kira Mista Norman na karanta masa sunan garin. Ya ce tun da yake sana'ar bai taɓa riƙe ta garin ba, kuma a iya saninsa waɗanda aka sani ba su taka kara sun karya ba. Na kira Maman Rahila na ce kada ta sayar wa kowa, kada ta kai banki, zan zo da kaina in karɓa in kai wa wani Bature masani ya duba. Ban yi mata alkawarin komai ba, don hoto ba ya nuna tudu kuma ba ya wari. Ta yi ta godiya, ta tambaye ni Baturen babba ne, na ce babba ne ƙwarai.

Bas na hau, jirgin ƙasa ya fi ƙarfin aljihuna a shekarar. Mun wuce Stafford na kira ta a wayar gida don ta san ina hanya. Ta ɗauka da fara'a.

"Malam, sannu da hanya. Kada ka damu, kafin ka iso na gama gyara su. Ƙananan biyun na riga na goge, sun fito kamar daga banki. Saura ta Baba babbar."

"Kin goge su da me?"

"Da iron mana, da ɗan spray starch. Ai ba za a kai wa babban mutum abu a yamutse ba, ya ce ba mu da..."

Sai layin ya mutu. Na sake kira, ba ya shiga. Na sake, na sake. Wayar hannu ɗaya ce a gidan, tana wurin Rahila, ita kuma tana aji ta kashe ta. Na kira abokina ɗan tasi, yana hanyar filin jirgi da fasinja. Ga shi motoci sun cushe a babbar hanya, bas na tafiya kamar mai ciwon ƙafa.

Tsawon shekarun da na yi a sana'ar, duk wanda na gani ya goge takarda macuci ne, ya yi don ya ɓoye ninki ya ci kuɗin wani. Ban taɓa kawo wa raina wanda zai yi don girmama baƙo ba. Alhali a gidajenmu haka muka tashi. Ba ka zuwa gaban babba da yamutsattsiyar riga, ba ka liƙa wa amarya tsohon kuɗi, goron Sallah ma sabbi ake nema, in ba a samu ba na sha ganin yayata tana bin tsofaffin da dutsen guga. Maman Rahila ba ta yi komai ba sai abin da tarbiyya ta koya mata. Ina zaune a bas ina ganin abin a idona: feshin sitaci ya sauka a kan sa hannun nan biyu na alƙalami, tawadar da ta fi ni shekaru ta narke ta bazu, dutse ya bi ta kai ya shafe tudun, takardar ta koma dala goma da ɗan abin da ba a rasa ba. Tsoro ya kama ni sosai, ba don kaina ba, don na san ba su da wani gwangwanin da za su buɗe bayan wannan. Baturiyar da ke kusa da ni ta ga yadda nake motsa baki ina juya waya, ta miƙo mini alewa ta tambaya ko rasuwa aka yi mini. Na ce mata tukuna dai.

Na sauka a tashar Digbeth ta Birmingham na faɗa tasi ban ko tambayi kuɗi ba. Gidan yana cikin jerin gidajen jan bulo, ita tana ƙasa. Na ƙwanƙwasa, shiru. Na leƙa ta tsakanin labule: ga teburin guga a tsakiyar ɗaki, ga dutsen a tsaye, ga gwangwanin sitaci, ga takardu a shimfiɗe waɗanda ban iya bambancewa daga waje. Wata maƙwabciya ta fito tana kallon baƙo da jaka ya manna fuska a tagar mutane, na ja da baya na tsaya kamar mai jiran mota.

Can sai ga ta daga kwanar titi, doguwar mace da rigar sanyi a kan atamfa. Karin gugar atamfar nan kamar zai yanka yatsa, na san wannan ba ta wasa da guga. Ta gane ni, ta fara gaisuwa yadda ya kamata, hanya, iyali, sanyi, mutanen Manchester. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa katse wa babbar mace gaisuwa ba sai ran nan.

"Maman Rahila, ki yi mini aikin gafara. Babbar takardar, kin goge ta?"

Ta ɗaga wani ɗan makullin roba, irin na mitar da ake loda wa kuɗi, wadda in kuɗin ya ƙare wuta ke ɗaukewa har da wayar gida.

"Ina fa, Malam. Meter ce ta ɗauke muna cikin magana, bashin emergency ɗin da take bayarwa ma mun riga mun cinye. Shagon kusa kuma injinsu ya lalace, sai da na taka har Moseley Road na yi top up. Ka yi haƙuri na bar ka a waje. Yanzu zan sa key ɗin, kafin ka sha tea na gama."

Na zauna a kan dakalin ƙofarta da jakata a cinya. Ban taɓa jin daɗin talaucin wani ba sai ranar, Allah ya yafe mini. Na roƙe ta kada ta sa makullin tukuna. Da muka shiga, kafin in cire takalmi sai da na zare wayar dutsen gugar daga bango, na ɗauke shi na kai kicin, tana bina da kallo kamar wanda ya taɓu.

Ƙananan biyun sun tafi. Sun sandare kamar kwali, suna ƙyalli, gefen ɗaya ya yi ja. Ta ce wannan jan ne ya sa ta rage wutar ta tsaya jiran dutsen ya huce, don uwarta ta koya mata ba a fara guga da babban kaya, sai an gwada zafin a kan ƙanana. Tana cikin jiran na kira. Babbar kuwa tana nan a ƙarshen teburin yadda ta fito daga hankici: ninki uku, kusurwa ɗaya ta tanƙware, ga hudar allura inda wani kashiya ya taɓa maƙale ta da 'yan'uwanta, ga ɗigon tsatsa a gefe. Ɗakin da duhu-duhu tunda ba wuta, daidai yadda nake so. Na wanke hannu, na kwantar da tocila. Lambar bankin ta taso a bayan takardar ɓaro-ɓaro, sa hannun nan biyu ko gezau. Na yi ajiyar zuciya har sai da ta ji.

Ita fa ba ta gamsu ba. Ta ce in duba ta da kyau, kamar an tsinto ta a bola, wane irin mutum ne zai ba da kuɗin kirki a kan wannan. Na sa ta wanke sitacin hannunta, na juya takardar, na ce ta shafa bayan lambar da ɗan yatsa a hankali. Ta shafa, ta ji tudun. Na sa ta shafa ɗaya daga cikin waɗanda ta goge, ta ji ba komai. Na ce mata masu saye suna son ta ne yadda Baba ya bar ta, ninkin nan ma da hannunsa ya yi shi. Sannan ta tambaye ni abin da ke ranta tun farko, ko za ta isa. Na ce ban sani ba tukuna, kuma ba zan faɗi abin da ban sani ba. Ku riƙe wannan, ku masu son shiga sana'ar: mai neman mafita zai manta duk bayanin da ka yi masa, amma ba zai manta adadin da ya fita daga bakinka ba.

Ta sa makulli wuta ta dawo, ta hana ni tafiya sai da na ci tuwon semo da miyar kuka. Da zan zura takardar a rigar leda ta ce in dakata, ta riƙe ta a tafin hannu na ɗan lokaci, ta yi addu'a a hankali, sannan ta miƙo mini. Biyun da ta goge na ce ta mayar gwangwani ta riƙe abinta, tunda yanzu ba mai sayensu. Ta ce hakan ma ya yi mata, ko ba komai wani abu na Baba ya rage a gidan, kuma a goge.

Washegari na kai wa Mista Norman. Hannunsa ya fara rawa a lokacin, amma hancin yana nan. Ya shaƙa ya ce shayi da kafur, ba sabulu, ba sitaci, ba wanda ya taɓa wannan. Ya kira wani tsohon abokin hulɗarsa a wani gidan gwanjo na Amurka. Matsalar ita ce gwanjo sai bayan watanni, ranar biza kuwa saura 'yan makonni. Irin waɗannan gidaje suna ba da wani kaso na kuɗin kafin gwanjo, amma sai masanansu sun riƙe takardar da hannunsu sun tabbatar ba a yi mata komai ba. Na aika da inshora, muka zauna jira. Maman Rahila ba ta dame ni da kira ba, sai dai Rahila ta turo gaisuwa da safe, ni kuwa na san ma'anar gaisuwar. Da amsa ta zo, gajeriya ce: takarda lafiyayya, ba wanki ba guga, sun karɓa. Abin da suka bayar tun kafin gwanjo ya ishe su shigar da takardunsu su biyu kafin ranar ta cika. Da aka yi gwanjon wani likitan haƙori ɗan yankin ya saye ta, bayan sun ja da wani. Na ɗauki la'adata yadda muka yi da ita tun farko, na daina ɗaukar kwalaye a sito.

Shigar da takardu daban, a ba ka daban, wannan kun fi ni sani. Aka shiga wani jiran, mai tsawo. Wata ranar Lahadi ina shimfiɗa haja a zauren wani otal wayata ta yi ƙara, na ga lambar gidan ce.

"Malam, postman ya kawo jiya. An ba mu bizar, ni da Rahila."

Na ce alhamdu lillahi, ta ce godiya ga Ubangiji, muka yi ta maimaitawa kowa da irin nasa. Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Har zan yi sallama sai ta ce in tsaya, akwai abin da ke damunta tun ranar da na tafi da takardar.

"Mutumin nan da ya saya, don Allah ka sa a gaya masa ba halinmu ba ne. Baba ko hankici ba ya fita da shi sai an goge. Ka ce masa wuta ce ta ɗauke."

Na yi mata alkawari, kuma na cika. Na aika ta gidan gwanjon a sanar da likitan cewa iyalan mai takardar suna ba shi haƙuri, ta zo masa babu guga.